Na haddace babin kalma da kalma, amma na ci 17 cikin 50

Assalamu alaikum Ustaza. Ni yarinya ce 'yar shekara 19. A Wad Madani ta ƙasar Sudan aka haife ni. Ina ajin farko na sakandare yaƙi ya tashi, karatu ya tsaya. Da abin ya iso Madani a Disamba 2023 muka gudo Gadarif wurin kawuna, har yau nan muke. Yanzu na koma makaranta, amma darasin ahya, wato ilimin halittu, ya gagare ni, ga shi kuwa shi nake buƙata, don burina in karanci likitanci ko jinya. Ina da kaifin hadda, na riƙe izu 20. Na zauna na haddace babin hanyar binciken kimiyya da babin muhalli kalma da kalma. Da malaminmu ya yi mana jarrabawa sai ya kawo labarin wani manomi da takinsa, ya ce mu fitar da hasashe, da abin da aka canza, da abin da aka auna. Ko layi ɗaya ban gani ba cikin abin da na haddace. Na ci 17 cikin 50. 'Yan ajinmu duk sa'o'in ƙannena ne, kunya kamar in nutse. Babana mai sana'ar agashe ne, wato gasasshen nama irin tsire, ya ce in karatun ya ƙi in haƙura in taya Inna sana'ar kisra, siririyar gurasar nan ta dawa, har Allah Ya kawo miji. Ba mu da kuɗin darasi na musamman, makarantar kuma ba ta da ɗakin gwaji. Shin in tsallake waɗannan babi biyun, tunda ba ruwansu da likitanci, in mai da hankali kan jikin ɗan Adam? Ko dai kan nawa ne ya mutu?

Daga 'yarki a Gadarif.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Sannu da haƙuri. Allah Ya kashe wutar nan, Ya mai da kowa ɗakinsa lafiya.

Kanki lafiya lau yake. Kan da ya riƙe izu 20 bai mutu ba. Maganar shekaru kuma ki cire ta daga ranki: a watan Oktoba na 2023 hukumar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Ba ke kika zubar da shekarun nan ba, kuma da yawa cikin sa'o'inki har yau ba su sake ganin ƙofar aji ba.

Amma ba zan ɓoye miki ba, tsallaken da kike so in amince miki da shi, shi ne zai kayar da ke. Malaminku bai zalunce ku ba da ya kawo labarin manomi. So yake ya ga ko za ki gane abin da kika haddace idan ya sake kama. Darasin ahya kullum tambaya biyu yake yi, me ya sa, kuma yaya aka yi aka sani. Babin farko shi ke koyar da amsa ta biyun, kuma duk sauran littafin a kansa yake zaune.

Mu fara daga teburin Babanki. An daɗe ƙwarai mutane, har da manyan masana, suna ɗauka cewa nama idan ya ruɓe shi ke haifar da tsutsa da kansa. Ba wauta ta sa su faɗi haka ba, da idonsu suka gani: an ajiye nama, bayan kwanaki ga tsutsa tana motsi. Muna cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne, sai dai gani shi kaɗai ya sha ɓad da mutane. A shekarar 1668 wani likita ɗan Italiya mai suna Redi ya zargi ƙuda. Ya samo kwalabe ya sa nama a ciki. Wasu ya bar su a buɗe, wasu ya toshe su, wasu ya ɗaure bakinsu da yadi mai shara-shara, wanda iska ke ratsawa amma ƙuda ba ya iya shiga. A naman buɗaɗɗun kaɗai tsutsa ta fito. Masu yadin kuwa, ƙudaje suka taru suka zuba ƙwai a bisa yadin, naman ciki ya ruɓe ya yi wari amma babu tsutsa a jikinsa.

Ki tsaya a kan kwalbar nan mai yadi, don ita ce ta fi burge ni a duk labarin. Da ya tsaya kan buɗaɗɗiya da toshasshiya kawai, da wani ya tashi ya ce masa, ai iska ka hana naman, shi ya sa bai haihu ba. Kuma da mai maganar ya yi gaskiya, domin toshe kwalba abu biyu yake hanawa lokaci guda, iska da ƙuda. Yadin ya raba su: ya bar iska, ya tare ƙuda. Duk dokokin gwajin da kika haddace daga nan suka fito. Abu ɗaya ake canzawa, sauran a bar su daidai, don in an ga bambanci a san mai laifi.

Yanzu ki buɗe littafinki ki ɗora kalmominsa na Larabci a kan wannan labari. Ganin tsutsa a nama shi ne mulahaza. Zargin ƙuda shi ne faradiyya, wato hasashen da za a iya gwadawa, wanda gwajin zai iya ƙaryata shi. Yanayin bakin kwalba, abin da Redi ya canza da hannunsa, shi ne mutagayyir mustaƙill. Fitowar tsutsa ko rashinta, abin da ya zauna yana jira ya gani, shi ne mutagayyir tabi'. Buɗaɗɗiyar kwalba, wadda aka bari yadda aka saba don a kwatanta da ita, ita ce majmu'a dabita. Irin naman, girman kwalbar, ɗakin da aka ajiye su, su ne abubuwan da ake riƙewa daidai.

Kin ce babu ɗakin gwaji. Ba ki buƙatarsa a wannan babin. Yau da daddare ki roƙi Inna ƙwayar wake 40, masu lafiya, waɗanda ƙwaro bai huda ba. Ki samu faranti huɗu, ki shimfiɗa tsumma mai tsabta a kowanne, ki jera wake goma-goma. Biyu ki jiƙa su da ruwan sha zalla. Biyu ki jiƙa su da ruwan da kika narkar da cokalin shayi ɗaya na gishiri a cikin kofi guda. Yawan ruwan ya zama ɗaya, ki ajiye su kusa da juna a inuwa, ki kifa wani abu a kai kada su bushe. Kafin ki kwanta ki rubuta hasashenki da biro: idan aka sa gishiri a ruwa, to waken da zai tsiro zai ragu. Kowace safiya har mako guda ki ƙirga waɗanda suka fitar da saiwa, ki cike jadawali. A ƙarshe ki zana shi, irin ruwan a layin kwance, adadin da ya tsiro a layin tsaye, domin haka ƙa'idar take: abin da kika canza a kwance, abin da kika auna a tsaye.

Kina yi kina tambayar kanki. Me ya sa goma, ba ƙwaya ɗaya ba? Domin ƙwaya ɗaya tana iya zama matacciya tun daga buhu, ki ɗora wa gishiri laifin da ba nasa ba. Me ya sa faranti bibbiyu? Domin abin da ya faru sau ɗaya yana iya zama katari. In kika ajiye na gishirin a rana, na ruwan zalla a inuwa, kin ɓata aikin gaba ɗaya, don ba za ki san rana ce ko gishiri ba. Kuma in sakamakon ya saɓa wa hasashenki, ki rubuta abin da kika gani yadda yake. Hasashen da gwaji ya ƙaryata ya yi aikinsa, ya rufe miki hanya ɗaya. Gyara lamba don ta dace da abin da ake so cin amana ne, kuma ke da kike son riƙe ran mutane a hannunki gara ki saba da wannan amanar tun a kan wake.

Bayan mako ki koma kan labarin manomin. Ki yi masa tambaya uku: me aka canza da gangan, me aka auna a ƙarshe, wanne aka bari don kwatanci. Taki aka canza. Tsawon shuka ko yawan buhunan da aka samu aka auna. Gefen gonar da ba a sa wa taki ba shi ne abin kwatanci. Gobe malam zai iya kawo kaji da abincinsu, ko majinyata da magani, tambayoyin ukun nan dai su ne.

Waken zai ba ki kyauta ta biyu. Me ya sa gishiri ke hana tsiro? Kowace ƙwayar halitta tana da siririyar fata da ta kewaye ta, ruwa kuma yana ratsa wannan fatar daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya fi yawa. Iri ba ya tsirowa sai ya sha ruwa ya kumbura, ruwan gishiri kuwa ba ya shiga masa da sauƙi. Shi ne dalilin da kokwamba ke zubar da ruwa in an barbaɗa mata gishiri, shi ne kuma dalilin da naman da aka sa wa gishiri aka shanya ba ya saurin lalacewa, don ƙwayoyin bakteriya ma ruwan jikinsu yake fita. Ruwan gishiri da sukari da ake ba mai kwalara ma danginsu ne: sukarin yana taimaka wa hanji ya ja gishirin, ruwa ya bi bayansa ya koma jiki. Kin ga daga farantin wake mun isa gadon asibiti.

Akwai tarko ɗaya da malamai ke son ɗanawa. Abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya jawo ɗayan. Da damina zazzaɓi ke yawa, da damina ne kuma ɗanyen masara ke fitowa, har za ki ji ana ɗora wa masarar laifi. Ruwan sama ne ya kawo su duka biyu, ya raya gona, ya kuma cika kududdufan da sauro ke ƙwai. Sai a 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya fede sauro ya ga ƙwayar cutar a jikin tumbinsa. Kuma kada ki ɗauka wannan tarbiyya ta Turawa ce kaɗai. Kimanin shekara dubu da suka wuce, a Alƙahira, Ibn al-Haisam ya jera fitilu a gaban ƙaramar huda ta wani ɗaki mai duhu, yana rufe fitila ɗaya yana ganin haskenta kaɗai ya ɓace daga bango. Abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, kamar yadda za ki yi da gishirinki.

To, babin muhalli, wanda kika ce ba ruwansa da likitanci. 'Yata, ke fa 'yar Jazira ce, jihar da Madani take. An gama madatsar Sinnar a 1925, aka ja ruwan Shuɗin Nilu cikin dubban magudanai don noman auduga. Ruwa mai tafiya a hankali, ga ciyayi a gefe, shi ne gidan da katantanwar ruwa ke so. Tsutsar tsargiya, wadda wani likitan Jamus mai suna Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, ba ta iya wucewa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya shiga katantanwa ya hayayyafa a cikinta, ya fito ya huda fatar yaron da ya shiga wanka ko matar da ke wanki. Likitan da ya san maganin kaɗai zai ba yaron ƙwaya ya warke, wata mai zuwa ya koma magudanar ya sake ɗaukowa. Wanda ya san zagayen ya san wuraren da za a iya yanke shi.

Nan Gadarif da kike zaune ma haka. Jihar tana cikin wuraren da kala'azar ya fi addaba a duniya, cutar nan mai dogon zazzaɓi da kumburin saifa da rama. Wani ɗan mitsitsin ƙudan yashi ke yaɗa ta da cizo, kuma an fi samunsa inda baƙar ƙasa mai laka ke tsagewa da rani, inda itatuwan talha da aduwa suka yi yawa. Ƙasa, itace, ƙwaro, mutum, ga babin muhalli sukutum a cikin cuta ɗaya. Zazzaɓin dengi da ya kwantar da mutanen garin a 2023 kuwa, sauronsa baƙi ne mai ɗigon fari, da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsabta da aka tara a gida yake ƙwai. Garin da ruwa ke wuya dole a tara shi a barmil, wato ganga, da randa. Ki leƙa barmil ɗin gidan kawunki gobe. In kin ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, ki zubar, ki goge bangon cikinsa da kyau don ƙwan a nan yake mannewa, ki rufe.

Sauran babin ki karanta shi da gonakin da ke kewaye da ku. Fara ɗaya ita ce ɗaiɗaikar halitta. Duk farin da ke iri ɗaya a gonar su ne jama'a. In kika haɗa su da dawa, da tsuntsaye, da ƙadangaru, da gara, da duk mai rai a wurin, kin samu mujtama'. In kika ƙara marasa rai, wato laka, ruwan sama, zafi da hasken rana, ya zama nizam bi'i. Ɗalibai sun fi faɗuwa a tsakanin na ukun da na huɗun, bambancin kuwa marasa ran nan ne kawai. Sarƙar abinci ki gina taki: dawa, fara, ƙadangare, shaho. Kan kibiya yana kallon mai ci, domin hanyar da makamashi ke bi yake nunawa. Tun aikin wani masani Ba'amurke, Lindeman, a 1942, ake ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke haurawa daga mataki zuwa na gaba. In dawa ta tara 10,000, fara za ta samu kamar 1,000, ƙadangare 100, shaho 10. Sauran ya tafi a motsi da numfashi da zafin jiki, da abin da ba a ci ba ko bai narke ba. Shi ya sa kike ganin fara ba iyaka amma shaho ɗaya ko biyu a sama, shi ya sa kuma sarƙar ba ta cika wuce mataki huɗu ko biyar ba. Ki riƙe wannan da kyau: makamashi daga rana yake zuwa ya wuce ba ya dawowa, amma ruwa da kabon da naitirojin zagayawa suke yi, masu ruɓar da matattu suna mai da su ƙasa.

Alaƙar halittu kuwa kowane manomin dawa malaminki ne. Ki tambaye shi ƙuduji, wanda maƙwabtanmu ke kira buda. Irinsa yana iya kwana a ƙasa sama da shekara goma, ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa, sannan ya manne mata yana tsotsar ruwa da abinci. Kafin furensa mai kyau ya bayyana a sama ya riga ya gama ɓarna a ƙasa. Ɗaya ya amfana, ɗaya ya cutu. Sai ki tuge gyaɗa ko wake ɗaya ki wanke saiwar, za ki ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta. Ki fasa ɗaya da farce, in cikinsa ya yi ja-ja to yana aiki. Bakteriya ne a ciki, suna kama naitirojin na iska, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar amma shuka ba ta iya amfani da shi haka nan, su mai da shi abin da za ta sha, ita kuma ta ba su sukari. Kowa ya amfana, kuma dalilin sa gyaɗa cikin juyin shukar Jazira ke nan. Balbela da ke bin shanu tana cafke ƙwarin da suka tayar, ita ta samu, saniya ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba.

In aka tambaye ki abin da ke faruwa idan aka cire mahaɗi ɗaya daga sarƙa, kina da misali daga gida. An yi shekaru ana feshin maganin ƙwari a audugar Jazira. Maganin bai bar ƙwarin da ke cin farin ƙuda ba, kafin ƙarshen shekarun 1970 farin ƙudan ya zama babbar annoba, yana ɓata audugar da danƙo. Na baƙuwar shuka kuma ga miskit, wata bishiya mai ƙaya: an shigo da ita Sudan a 1917, daga baya aka yi ta dasa ta don tare hamada, dabbobi suka ci 'ya'yanta suka baza irin a kashinsu, ta mamaye gonaki da magudanai a wajen Kasala da Tokar.

Babin ƙwayar halitta ba zan daɗe a kansa ba, zane yake so. Ki zana ta shuka da ta dabba gefe da gefe har sai hannunki ya iya ba tare da littafi ba, kowane sashe ki rubuta aikinsa da kalma uku. Kuskure ɗaya kawai zan ja miki kunne a kai. Shuka tana haɗa abinci da rana kaɗai, daga ruwa da iskar kabon dayoksaid, ta saki oksijin, amma numfashi dare da rana take yinsa kamar ke. Ƙullun kisrar Inna ma darasi ne. Tsamin da yake yi aikin bakteriya da yis ne da ke cin sukarin garin ba tare da buƙatar oksijin ba. Ki tambaye ta me ya sa yake saurin tsami da zafi, me ya sa take barin ɗan tsohon ƙullu ta zuba a sabo. Amsar tana bakinta, ke sunayen kawai za ki ɗora.

Haddarki kuma kada ki raina ta, dukiya ce, ahya cike yake da sunaye da ma'anoni da dole a riƙe su daidai. Wurinta kawai za ki canza, ta zo bayan fahimta. Kuma ki yi mata irin riƙon da kika yi wa izu 20 ɗinki. Ai ba da kallon shafi kike gane hadda ta zauna ba, rufewa kike yi ki karanto wani yana riƙe da Alƙur'ani, sannan ki yi ta tishi kada ta gudu. Haka za ki yi a nan. Ki karanta sashe ɗaya, ki rufe littafin, ki bayyana shi da Hausa ga ƙanwarki ko ga Inna tana gaban wuta. Inda harshenki ya sarƙe, nan ne ba ki gane ba, ki koma. Sannan ki rubuta shi da Larabci yadda za ki amsa a jarrabawa. Ki waiwaye shi gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako. Ki nemi takardun jarrabawar shekarun baya wurin waɗanda suka riga ki, ki amsa su littafi a rufe. Takardar nan ta 17 ma kada ki yaga ta. Ki kai wa malamin bayan darasi, ki ce, Ustaz, a nuna mini inda tunanina ya kauce a tambaya biyu kawai. Da wuya malami ya ƙi ɗalibar da ta zo da tambaya ƙayyadajjiya.

Lokacin karatu, minti arba'in bayan sallar asuba kullum ya fi dare guda na kwana zaune. Ki jawo biyu daga cikin yaran da kike jin kunyarsu ku riƙa yi wa juna tambayoyi. In kuma kin ga kina zaune da littafi hankalinki yana komawa hanyar da kuka biyo daga Madani, ko barci yana gagarar ki, wannan ba lalaci ba ne, abin da kuka gani ne. Ki faɗa wa Inna ko wata babba da kika yarda da ita, in ya daɗe ku ga ma'aikacin lafiya.

Saura Babanki. Mutumin da ya bar gidansa da kasuwarsa ya zo yana zaune a inuwar suruki, nauyi ne ke magana a bakinsa, ba ƙin ki ba. Kada ki yi jayayya da shi, kada kuma ki kai masa kuka. Ki fara shawo kan Inna, ku sa kawunki a ciki, a roƙar miki abu mai iyaka: a bar ki zuwa ƙarshen wannan shekarar karatu, ke kuma ki ɗauki alkawarin aikin kisra na yamma ba fashi. Uba ya fi saurin amsa roƙon da ya ga ƙarshensa. Wata rana yana yanka nama ki zauna kusa ki tambaye shi, Baba, me ya sa kuke rufe nama da yadi ba da leda ba, kuma naman wane lokaci ya fi saurin juyawa? Ki saurara da kyau, sannan ki ba shi labarin likitan Italiya da kwalabensa. Ranar da waken ya tsiro kuma ki kai masa faranti huɗun ya ƙirga da kansa.

Ki rubuto mini adadin da ya fito a kowane faranti, da abin da malamin ya ce kan tambayoyi biyun. Ki gaida Inna da kawunki.